Dare uku ina fama da gefen kujera a Blender

Alhamdulillahi, jiya wajen ƙarfe ɗayan dare kujerar da nake ginawa a Blender, manhajar zanen 3D ta kwamfuta, ta yi kyan gani. Irin 'yar kujerar katakon nan ce ta tsakar gida da iyayenmu mata ke zama a kai suna tuƙa tuwo, ta gidanmu ma na ajiye a gabana ina kwaikwayo. Ta gaskiyar, zama da jan ƙasa sun cinye mata kaifi, duk gefunanta sun yi sulɓi. Tawa ta cikin kwamfuta kuwa kamar da reza aka yanko ta, in na yi renda, wato na fitar da hotonta na ƙarshe, haske ba ya samun inda zai kama a gefen, sai ta fito kamar kwali.

Da farko Subdivision Surface na ɗora mata, modifayar (gyaran da ake ɗora wa abu) da ke rarraba fuskokin abu don ya yi sulɓi, ta narke kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Tunda kowane mataki yana ninka fuskoki sau huɗu, ina kaiwa na uku fankar laftof ɗina ta fara kuka. Na cire, na koma modifayar Bevel, wadda ke rage kaifin gefuna. Gefe ɗaya ya fito da faɗi, ɗayan siriri. Wannan ban sha wahalarsa ba, sikelin ne ban tabbatar ba bayan na matse akwatin da na fara gina kujerar da shi, Ctrl+A ta gyara shi.

Abin da ya hana ni barci ya zo ne bayan na fitar da ƙafafun. Ina ƙara faɗin Bevel, lamba tana hawa, amma kujera ko gezau. Na kai shi har santimita biyar, kaifin yana nan yadda yake. Na kashe Clamp Overlap, zaɓin cikin Bevel da ke hana gefuna hawa kan juna, sai wasu tsinkaye suka ɓullo daga gindin ƙafafun suna cin juna. Na mayar. Na zargi fuskokin da juyewa, na danna Shift+N mai daidaita su ya fi sau goma. Na goge modifayar na sake ɗorawa. A dare na biyu aka ɗauke wuta ina tsaka da gwaji, batir ya mutu, washegari sai da na biya mai caji. Wallahi raina ya ɓaci sosai, har na yi niyyar goge fayil ɗin in fara daga farko.

A dare na uku na kama ɗigo ɗaya, wato mahaɗar layuka, a inda ƙafa ta haɗu da mazauni, na ja shi da G. Sai ga wani ɗigon a zaune daram a ƙarƙashinsa. Nan take na gane. Lokacin fitar da ƙafafun na danna E, na fasa da maɓallin dama na linzami, na sake danna E. Ashe fasawar jan kawai take sokewa, sabbin ɗigogin suna nan kwance a kan tsofaffin. Tsakaninsu akwai layukan da tsawonsu sifili ne, shi kuma Clamp Overlap yana takure faɗin duka don kada ya wuce abin da layi mafi gajarta zai ɗauka. Na zaɓi komai da A, na danna M, na haɗe su da By Distance. Ɗigo 16 Blender ya ce ya cire. Ban taɓa komai ba kuma, gefunan suka lanƙwasa a gabana. Na rage faɗin zuwa milimita 4 da yanka 3, na zauna ina juya kujerar kawai ina kallon siririn hasken da ke bin gefen mazaunin.

Datar da ta fi yi mini ciwo ita ce wadda na ƙona a wani tsohon bidiyo, mai koyarwar yana ta nuna akwatin Auto Smooth, wanda ke sa fuskokin abu su fito da sulɓi. Tun fitowar Blender 4.1 a 2024 aka cire shi daga wurin. Yanzu danna dama za ku yi a kan abin ku zaɓi Shade Auto Smooth, ya ɗora muku modifaya mai sulɓe duk kusurwar da ba ta wuce digiri 30 ba. Ku kunna Harden Normals a cikin Bevel, saman mazaunin zai tsaya a shimfiɗe ba inuwar banza.

Abin da ya rage, gefunan sun yi daidai da juna fiye da kima. Ta gidanmu gabanta ya fi cinyewa, inda ƙafa ke goga. Yau da dare in an kawo wuta zan mayar da Limit Method na Bevel zuwa Weight in bai wa kowane gefe nasa nauyin, wato yawan lanƙwasar da zai yi.