Maganin ɗigawa na jan ido: abin da na koya da ciki da kuma goyo

Mata da yawa idonsu na bushewa in suna da ciki saboda canjin sinadaran jiki, ni nawa har ja yake yi kamar na kwana ina kuka, ga ƙaiƙayi. Da ma ina da kwalbar Visine, wani maganin ɗigawa na jan ido, a jaka, amma kafin na ci gaba da ɗigawa sai na tafi da ita awo na nuna wa likita.

Bayanin da ta min shi ne irin waɗannan magungunan, masu sinadarin tetrahydrozoline ko naphazoline ko oxymetazoline, ba warkar da komai suke ba, matse ƙananan jijiyoyin jinin ido kawai suke yi sai ido ya yi fari, kuma in ka saba musu da zarar ka daina jan ya dawo har ya fi na da, shi ya sa a jikin kwalin ake cewa in an wuce awa 72 ba sauƙi a daina a ga likita. Abin da ke shiga jini kaɗan ne, amma tunda kwalliya ce ba dole ba, ta ce in ajiye. Ta ba ni hawayen roba, wanda ke jiƙa ido kawai, da shawarar in riƙa ɗora tsumma mai sanyi. Wallahi ya min aiki.

Ta kuma ja min kunne sosai, in ganina ya fara dishi-dishi ga ciwon kai mai tsanani, wannan ba zancen ɗigawa ba ne, hawan jinin masu ciki ne ake tsoro, asibiti kai tsaye.

Bayan na haihu wata dabara ta koya min: in na ɗiga kowane magani in rufe ido in danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa kamar minti 2, don kar ya gangara ta hanyar hawaye zuwa hanci ya shiga jini, sai in goge sauran in wanke hannu kafin na ɗauki yaro. Maganin ɗigawa mai sinadarin brimonidine kuwa, irin Lumify, ta ce kar na taɓa sai na tambaye ta, don jarirai ba sa jure shi.

Abin da ya fi tsorata ni kwalbar ce kanta. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa yaro ƙarami in ya haɗiye ko mililita 1 zuwa 2 na magani irin su Visine zai iya suma numfashinsa ya yi ƙasa. Don Allah iyaye mata a daina barinta a jaka ko gefen gado, a kulle ta sama inda mai rarrafe ba zai kai ba.