Yaushe ciki ke kama mahaifa? Lissafin da nake yi kafin in karɓi fitsari

Ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje nake da shi, inda muke auna jini da fitsari. A duk aikin da muke yi, babu mai sauƙi a hannu kamar gwajin juna biyu: a tsoma tsinke, a jira 'yan mintoci, a karanta layi. Amma kuma babu wanda yake cin lokacina kamarsa, domin kafin in karɓi kwalbar fitsari sai na zauna da mace mun ƙirga kwanaki. Da yawa suna zuwa tun jiki bai fara nuna komai ba.

Tambayata ta farko ita ce, "Malama, yaushe kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe, kuma kwana nawa take yi kafin ta zagayo?" Daga nan nake ƙiyasta ranar da ƙwai ya fito. Mutane sun riƙe cewa rana ta 14 ce, amma wannan ga mai zagayen kwana 28 ne kawai. Abin da ya fi tsayawa shi ne ƙwai yakan fito kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Don haka mai zagayen kwana 35, nata yana kusa da rana ta 21.

Ƙwan ba ya daɗewa, awa 12 zuwa 24 yake da su, shi kuwa maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jira. Shi ya sa nake yawan gaya wa ma'aurata kada su fara ƙirga daga ranar saduwa. Idan ƙwai da maniyyi suka haɗu a cikin bututun mahaifa, ƙwan yakan yi kwana 3 zuwa 4 yana gangarowa yana rarrabuwa, ya iso mahaifa, ya ɗan yi shawagi, sannan ya nutsa cikin bangonta kamar iri a ƙasa mai danshi. Wannan kamawa tana faruwa tsakanin kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Binciken da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1999, inda suka riƙa auna fitsarin mata kullum, ya nuna cewa a cikin cikunnan da suka zauna, kashi 84 cikin 100 sun kama ne a rana ta 8, ta 9 ko ta 10. Sun kuma ga cewa wanda ya makara wajen kamawa ya fi haɗarin zubewa da wuri.

Nan ne sana'ata ta shigo. Tsinken gwaji ba ciki yake gani ba, sinadarin hCG yake nema, kuma wannan sinadari ba ya bayyana a jini ko fitsari sai bayan cikin ya kama. Da kaɗan yake farawa, yana ninkawa kusan duk kwana 2 zuwa 3. Gwajin jini yana riga na fitsari ganinsa, domin yawancin tsinkaye sai ya kai wajen ma'auni 25 suke nuna layi. To mace ta zo kwana 7 bayan fitar ƙwai, me zan samu? Layi ɗaya, mai nuna babu ciki, ko da akwai cikin. Za ta tafi da karyayyar zuciya a kan abin da ba a tabbatar ba, wata ma ta je ta sha maganin da bai dace da mai ciki ba. Wannan shi ya fi damuna.

Saboda haka na kafa wa ma'aikatana ƙa'ida: wadda ba ta yi ɓatan wata ba, a yi mata bayani, a rubuta mata ranar da za ta dawo, da fitsarin farko na safiya domin shi ya fi kauri. Idan ta dage, a yi mata, amma a gaya mata sakamakon bai yanke hukunci ba. Akwai masu ganin ina korar kuɗi. Ni dai na fi son takardar da ta fita da sunan ɗakina ta zama abin dogaro.

Ana yawan tambayata batun ɗigon jini da ake cewa alamar kamawar ciki ne. Wasu matan suna ganinsa, mafi yawa ba sa gani, kuma ba na gina lissafi a kansa. Haka ciwon nono da kasala, duk suna zuwa kafin al'ada ma.

Wani abin da ke rikita mata shi ne idan likita ya ce ciki ya kai sati 4, alhali su a lissafinsu bai wuce sati 2 ba. Likitoci daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke ƙirga, ba daga ranar kamawa ba.

Akwai kuma wadda ba na ce mata ta jira ko kwana ɗaya: wadda ta yi ɓatan wata, ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko zubar jini, ko jiri. Ciki yana iya kamawa a cikin bututu maimakon mahaifa, kuma wannan yana kashewa. Irin wannan asibiti nake tura ta nan take, a yi mata hoton ciki, sakamakon gwajin ya bi ta can.