Ƙodar tiyo da bokiti: inda na kai a sati na uku

'Yan uwa masu karatun sassan jiki, ga inda aikin haɗa samfurin ƙoda da nake yi ya tsaya. Waccan ƙodar da na fara haɗawa da rariya na ajiye ta gefe. Na zuba ruwa da tsakin gero, ruwa ya wuce, tsaki ya tsaya, amma ban ƙaru da komai ba. A jiki matsin jini ne ke tura ruwa ta bangon jijiya, rariya kuwa ba ta da matsi.

Wannan karon sabuwar robar ƙarin ruwa na saya guda biyu, saboda ɗan makullin nan mai taya da ake murzawa. Ɗaya mashiga, ɗaya mafita, kamar jijiyar da ke shigar da jini matatar ƙoda da mai fitar da shi. Na haɗa su da guntun tiyo a tsakiya, na huhhuda shi da allura mai zafi, na naɗe da farin ƙyalle, na zura cikin gorar roba da na yanke. Bokitin zoɓo na rataye a reshen darbejiya, shi ne zuciya. Guntun tiyon shi ne ƙullin jijiyoyin da ake kira gulomerulus, gorar kuma ita ce kofin da likitan Ingila Wiliyam Boman ya bayyana a 1842. Kowace ƙoda tana da irin wannan matatar kusan miliyan 1, kuma biyun tare suna tace mililita 125 a minti, wato lita 180 a kwana guda. Jarka bakwai da ɗoriya ke nan, amma abin da ke fita fitsari bai fi lita 1 da rabi ba. Sauran duk jiki ya mayar.

Da na murza makullin mashiga, ɗiga ya ragu, wannan kowa zai zata. Sai na kama na mafita, a raina shi ma ragewa zai yi. Wallahi sai ga ƙyalle ya jiƙe sharkaf, zoɓo na tsiyaya cikin gora da sauri. Ruwan ya rasa hanyar wucewa, matsi ya taru a tsakiya, ya bi ta huda. Na sha karanta cewa sinadarin jiki mai suna anjiyotensin na biyu yana matse jijiyar mafita don tacewa kada ta faɗi idan jini ya yi ƙasa, haddacewa kawai nake yi. Ranar nan da yatsana na gane. Ashe shi ya sa tun asali mafita ta fi mashiga ƙunci.

Daga nan na ɗaga bokitin zuwa reshe na sama, kamar jini ya hau. Ɗiga ya ƙaru, na murza mashiga har ya dawo daidai. Abin da na yi da hannu, ƙoda da kanta take yi muddin matsakaicin matsin jini yana tsakanin 80 da 180: jijiyar mashiga in ta ji an miƙe ta sai ta tsuke. Akwai kuma ƙwayoyin makula densa a can gaba cikin bututun da ruwa ke bi bayan tacewa, masu ɗanɗana gishirin ruwan da aka tace kamar uwargida a bakin tukunyar miya. Gishiri ya yi yawa, su sa a tsuke mashiga. Ya yi kaɗan, a saki renin, sinadarin da ke sa jiki ya yi anjiyotensin.

Wannan ya tsaya mini a rai saboda manomanmu. Mutum ya yini a rana gumi ya tsotse shi, a lokacin sinadarin furostagilandin ne ke riƙe mashiga a buɗe, sai ya dawo da ciwon jiki ya haɗiyi dikilofinak ko ibufurofen, waɗanda ke hana jiki yin sinadarin. Ya murza makullin mashiga ke nan bai sani ba.

Gyara biyu suka rage. Zoɓon yana fitowa da jansa, alhali lafiyayyar ƙoda ba ta barin jajayen ƙwayoyin jini su wuce, furotin ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sannan a jiki idan mafita ta matsu fiye da kima tacewa komawa take ta ragu, tiyona kuwa ƙaruwa kawai yake yi. Sati mai zuwa zan shiga bututun da ke mayar da ruwa jiki, ina tunanin gwada lagwanin fitila. Wanda ya taɓa gwada wani abu da ya fi shi tsotso, don Allah ya faɗa mini kafin na yanka tiyo.