Ruwan Assop, a gindin Hawan Kibo

Shekara da shekaru ina bin hanyar Jos zuwa Abuja, kuma duk sanda muka iso Hawan Kibo hankalina yana kan birkin direba da tirelolin da ke gangarowa. Tsayawa ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. Sai bara, daf da ɗaukewar damina, ƙanena ya ce, "Yaya, yau kam ba za mu wuce ruwan Assop ba."

Wurin kilomita 60 da 'yan kai ne daga Jos, daidai inda tsaunin Filato yake karyewa ya sauka kwari. Asalin ruwan ke nan: kogi ya taho daga bisa, dutse ya ƙare masa, sai ya zubo. A bakin titi ƙugin motoci kawai kake ji. Muka biya kuɗin shiga, muka taka 'yan mintuna a inuwar itatuwa, sai wani ƙugin daban ya danne na motocin, iska mai sanyi ta bugo mu.

Bai kai Gurara da ke Jihar Neja girma ba, balle Farin Ruwa da ke Nasarawa, waɗanda su ma ruwa ne mai zubowa daga dutse. Ƙanƙantarsa ce ma ta kama ni, don kana iya zama kusa da shi har feshinsa ya jiƙa maka riga. Tsuntsaye kuwa ba a magana. Ashe wurin yana cikin wuraren da masana tsuntsaye suka ware a Najeriya saboda yawansu.

Kuskurena shi ne silifa da na sa. Duwatsun da ruwa ke lasa sun yi gansakuka, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Taku biyu ƙafata ta zame, gwiwa ta daki dutse. Wani saurayi ɗan wurin ya riƙo hannuna ya ce, "Alhaji, bar baƙin nan, taka inda ya bushe." Shi ne kuma ya ce in riƙa duban launin ruwan. In ya fara yin ja, an yi ruwa a kan tsauni, kuma yana iya ƙaruwa farat ɗaya ko da sama tana garau a inda kake. Tun daga nan na hana ƙanena tsallakawa tsakiya don ɗaukar hoto.

Abin da ya ɓata mini rai ledojin fiyawata ne da robobin lemo da suka maƙale a tsakanin duwatsu. Mutum ya zo neman wuri mai kyau, ya bar shi da shara! Muka tsinci abin da ya cika leda guda, muka sa a bayan mota.

Na yi alwala da ruwan, sanyinsa har ƙashi, muka yi la'asar a kan wani falalen dutse. Muka kama hanya da sauran rana, don Hawan Kibo ba wurin bi da dare ba ne.