Kan sukuru ɗaya ya kusa hana mu shiga fili

Da tef muka auna mutum-mutumin da ɗalibaina suka haɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: inci 18 cif ta kowane ɓangare. Ƙa'idar rukuninmu ke nan a gasar mutum-mutumi, irin wadda ake bi a gasannin ɗalibai na VEX V5 da FIRST Tech Challenge. Kafin a fara wasa, tsawo da faɗi da tsayin na'urar kada su wuce inci 18, wato kimanin santimita 45.7.

Ranar gasa muka tarar mai dubawa ba tef yake riƙe da shi ba, ma'aunin ƙarfe ne da ake zurawa a kan na'urar. Ya zura, ya cije. Kan wani sukuru na gefen taya ne ya leƙo, ga kuma jelar robar ɗaure waya da ba mu datse ba. Tef yana bin inda ka ɗora shi ne kawai, shi kuwa ma'aunin ba ya raga wa komai.

Har na buɗe baki zan yi roƙo, sai yarinyar da ke jagorantar ƙungiyar ta ce, "Malam, bari mu gyara." Na ja da baya. Daga baya na gane gara da na yi shiru, domin masu dubawa ɗalibai suke yi wa tambaya, so suke su tabbatar yaran ne suka yi aikin da hannunsu.

Suka juya sukurun ciki, muka koma layi. Karo na biyu muka tsallake gwajin girma, sai mutumin ya shafa yatsa a bakin wani ƙarfe da muka yanke da zarto. Kaifi kamar reza. Aka nemo magagari. Ya girgiza batir ya ga ko a ɗaure yake, ya ƙirga injinan, ya duba lambar ƙungiya a gefe biyu, sannan ya ce a kunna. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa: manhajar ƙwaƙwalwar na'urar tsohuwa ce, sai da muka sabunta ta a tsaye, lokacin gwajin fili yana ta tafiya. Laifina ne wannan. Littafin dokokin da na buga tun farkon kakar gasa nake ta bi, alhali ana yi masa gyara a tsakiyar kaka.

A karo na uku aka sa mana hannu.

Yanzu muna da akwatin katako a ɗakin aikinmu, cikinsa inci 17 da rabi. Mako guda kafin kowace gasa, ɗalibi ɗaya yakan ɗauki takardar dubawa ta hukuma ya zama mai dubawa, kuma nakan zaɓi wanda ya fi kowa taurin kai. A gwajin da ya wuce, sau biyu ya mayar da abokansa kan teburin gyara saboda wata waya da ke lilo kusa da giyar na'urar.