Kububuwa a kwalba: abin da na koya a ɗakin ajiyar dabbobi

Warin fomalin, sinadarin da ake jiƙa matattun dabbobi a ciki don kada su ruɓe, shi ke fara tarbar mutum tun daga bakin ƙofa, ya shige hanci, ya sa ido ƙwalla. Bayansa sai na kafur da ake sakawa a akwatunan ƙwari don kada wasu ƙwarin su cinye su. Wanda bai saba ba yakan toshe hanci ya ce, "Wai mushe kuke ajiyewa a nan?" A irin wannan ɗaki na yi aikin sanin makamar aiki lokacin ina ɗalibin nazarin dabbobi a Bauchi, kuma yawancin abin da nake koyar da yara yau a sakandare, can na samo tushensa.

Dattijon da ke kula da ɗakin, wanda kowa ke ce wa Baba, bai yi karatu mai zurfi ba, amma manyan malamai sukan zo neman shawararsa. Aikin farko da ya ba ni shi ne rubuta 'yar takardar shaida. Da fensir ake rubutawa, a takarda mai kauri, kuma cikin kwalbar ake jefa ta tare da dabbar. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Yarona, ta waje ɓantarewa take yi, ko kyankyaso ya cinye ta. Biro kuwa, sifirit ɗin da dabbar ke ciki zai wanke tawadar tas." Abu uku ba ya yafewa: inda aka samo dabbar, ranar da aka same ta, da wanda ya kawo ta. Sunan dabbar shi ne na ƙarshe. Hujjarsa ita ce, suna ana iya kuskure a kansa, wani masani ya zo bayan shekara hamsin ya gyara, tunda dabbar na nan a gabansa. Wuri da rana kuwa, in suka ɓace sun ɓace ke nan har abada.

Akwai wata kanta a kusurwa da ya jera kwalaben da takardunsu suka salwanta. Marayu yake ce musu. Ana nuna wa ɗalibai su a aji, amma ba mai iya kafa hujja da su a bincike.

Ranar da na gane nauyin wannan takarda ita ce ranar da Baba ya zaro kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ya shimfiɗe ta a faranti ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Launinta ya koɗe, domin haka dabba ke yi in ta daɗe a fomalin da sifirit, don haka launi ba abin dogaro ba ne. 'Yar gajera ce, da wuya ta wuce tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu da wani abu mai yawa. Kanta na da faɗi, wuyan siriri, saman kan duk ƙananan ɓawo ne. Ya ce in duba gefen jikinta. Ɓawon wurin a karkace suke, kowane da ɗan tudu mai haƙora-haƙora a tsakiya. Su take gogawa da juna in ta naɗe, shi ne ƙarar nan da manomi ke ji kafin sara. Sai ya kawo wani maciji ya ajiye kusa da ita, zanen jikinsu kusan ɗaya, shi ma yana iya yin irin wannan ƙara. Macijin da ke haɗiyar ƙwan tsuntsaye ne, ba shi da dafi ko kaɗan. Ƙaramin kai gare shi, kusan kauri ɗaya da wuyansa. Allah kaɗai ya san nawa aka kashe a gonaki da sunan kububuwa.

Mu a wannan yanki, sanin maciji ba ilimin ƙawa ba ne. Duk wanda ya san Kaltungo a jihar Gombe ya san asibitin masu saran maciji, ya kuma san yadda yake cika lokacin shuka da lokacin girbi. Yawancin waɗanda ake kaiwa manoma ne da makiyaya, kuma kububuwa ce ta fi kowa ɓarna. Dafinta na hana jini daskarewa, sai a ga dasashi na zubar da jini, tsohon ciwo ya ɓalle. Likitoci kan ɗebi jini a kwalbar gilashi mai tsabta su ajiye minti 20. In bai daskare ba, sun san abin da suke fama da shi. Shi kuma maganin dafi, da dafin macijin da aka haɗa shi yake tafiya. An ga yadda wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya ya kasa yi wa kububuwar Afirka ta Yamma aikin kirki. Maganin EchiTAb da aka sani a Kaltungo, da dafin macizan Najeriya aka haɗa shi, waɗanda aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila. To ta yaya za a san wane maciji ne a wace ƙasa, a wane wata ya fi fitowa? Daga irin waɗannan kwalabe ne, kowace da sunan ƙauye da kwanan wata a cikinta. In aka tara ɗaruruwansu, taswira ta fito.

Wani abin da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya shi ne, mai ajiya ba ya sanin tambayar da za a yi wa ajiyarsa. A Birtaniya, mutane sun daɗe suna tara ƙwayayen tsuntsaye don sha'awa, su huda su zubar da abin ciki, su rubuta wuri da shekara. Da shaho ya fara ƙaranci, ƙwayayensa na fashewa a sheƙa, wani masani mai suna Derek Ratcliffe ya bi gidajen tarihi da ajiyar mutane yana auna waɗannan ɓawon. A 1967 ya bayyana cewa kaurin ɓawon ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma raguwar ta fara ne wajen 1947, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya bazu a gonaki. Amurka ta hana amfani da shi a noma a 1972. Waɗanda suka tara ƙwayayen tun farkon ƙarnin ba su taɓa jin sunan DDT ba. Shekarar da suka rubuta ce ta yi magana.

Wannan labari yakan tuna mini da ungulu, kuma raina yakan ɓaci. Muna yara, ba mayankar da za ka je ba ka tarar da su jere a kan katanga ba, har korarsu ake yi. Yau yaran ajina da yawa ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba, sai dai a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka irin ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin waɗanda ke daf da ƙarewa. Guba na kashe su, ana kuma farautarsu don sayar da sassan jikinsu ga masu tsibbu. Lokacin da suke ko'ina, mutum nawa ne cikinmu ya zauna ya ƙirga su ya rubuta? Abin da ya yi yawa shi aka fi rainawa, shi ne kuma ke ɓacewa ba a lura ba.

Shi ya sa in dama ta samu nakan kai ɗalibaina Yankari. Daga Bauchi akan bi hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi tafiyar kusan kilomita 42 cikin daji zuwa sansanin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Yara dai hankalinsu na kan ruwan ɗumin Wikki da fatan ganin giwa, amma ni sai mun fara shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin. Akwai fatu, da ƙasusuwa, da hauren giwa, da dabbobin da aka cusa wa kaya a fata suka tsaya kamar masu rai. A gefe kuma ga tarkuna da kayan farauta da aka ƙwace daga hannun mafarauta. A nan nakan tsayar da su in gaya musu cewa a da akwai raƙumin dawa da kyarkeci a wannan daji, yanzu babu. Zakin da ya rage a Najeriya kuwa ɗan kaɗan ne. Wata yarinya ta daɗe tana kallon wani tarkon ƙarfe, sannan ta ce, "Malam, to in ya kama ƙafar, dabbar kwana take yi a ciki?" Na ce mata wani lokaci kwanaki. Ba ta ƙara magana ba har muka fito.

A makarantarmu ba na yarda yaro ya kashe dabba don ajiya, kuma na hana su bin maciji ko da da sanda ne. Abin da ya riga ya mutu muke karɓa: macijin da aka kashe a gona, tsuntsun da mota ta buge, fara da malam-buɗe-littafi da aka tsinta. Fomalin ni kaɗai ke taɓa shi, da safar hannu, tagogi a buɗe, domin guba ne. Sauran aikin na littafi ne da waya. Kowane ɗalibi na da littafin da yake rubuta abin da ya gani, a ina, yaushe: ranar da shamuwa ta fara sauka a unguwarsu, bishiyar da jemagu ke kwana, ranar da ya ga belbela a bayan shanu. Wanda ya rubuta "na ga tsuntsu a daji" nakan mayar masa da littafinsa, ya je ya kawo sunan dajin da kwanan wata. A ƙarshen zango mukan kwafe duka a babban littafi guda da ke zama a ɗakin gwaji, wanda ajin da ke biye zai ci gaba da cikawa.