Dalilan da ke hana gyara shiga a Wikipedia da yadda nake warware su

A wani zaman koyar da sababbin masu gyara da na halarta, wani matashi da ya shafe kusan awa guda yana rubuta tarihin kasuwar garinsu ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Malam, dubi, sun ƙi karɓa." A saman allon akwai saƙon gargaɗi, a ƙasa kuma rubutunsa yana nan bai ɓata ba, amma yatsansa ya riga ya nufi alamar komawa baya. Na dakatar da shi, na ce ya fara kwafe rubutun gaba ɗaya ya ajiye a manhajar rubutu ta wayar, sannan mu karanta saƙon tare. Wannan shi ne matakin da nake fara koya wa kowa, domin duk wata matsala da zan ambata tana da magani, amma rubutun da aka rufe shafinsa ba a adana ba, sau da yawa sai dai a sake shi daga farko.

MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta tun 2002, ba ta cika ƙin gyara ba tare da ta bayyana dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin yana cikin saƙon da yawancinmu ke tsallakewa saboda ɓacin rai. Saƙon matashin nan ya nuna cewa an toshe adireshin IP da yake amfani da shi, wato lambar da ke nuna layin intanet da wayarsa ta biyo. Da muka duba, sai muka tarar da VPN a kunne, irin wanda mutane da yawa suka saka a wayoyinsu lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, suka kuma saba da barinsa a buɗe. Shafukan Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, suna hana gyara ta irin waɗannan hanyoyin da ke ɓoye adireshin mutum, domin masu ɓarna na fakewa da su. Ya kashe VPN ɗin, ya sake danna maɓallin wallafawa, gyaransa ya shiga.

Wata malama da ke zaune kusa da shi ta gamu da saƙo iri ɗaya, alhali ba ta da VPN ko kaɗan, kuma matsalarta ce ta fi damuna. Kamfanonin waya suna haɗa dubban masu amfani a kan adireshi kaɗan, saboda haka idan mutum ɗaya ya yi ɓarna aka toshe rukunin adireshin, sai hukuncin ya zama na kuɗin goro, ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Masu gyara a Najeriya da Ghana sun daɗe suna kuka da wannan. Abin da nake so sabon mai gyara ya fahimta shi ne ba shi aka kora ba, layin da ya biyo ne aka rufe. Wani lokaci kashe data a sake kunnawa, ko komawa wani layin, yana sa a sami sabon adireshi. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne neman izinin keɓewa daga toshewar IP, wanda masu gudanarwa ke bayarwa idan toshewar ta wiki ɗaya ce, kamar Wikipedia ta Hausa, ko masu kula da ake kira stewards idan ta shafi dukkan shafukan Wikimedia. Mai nema ya haɗa da sunan asusunsa, da adireshin da saƙon ya nuna, da dalilin toshewar kamar yadda aka rubuta shi, domin waɗannan ne za a duba. Mai shirya taron koyarwa kuma ya sani cewa ba a buɗe asusu fiye da 6 a rana daga adireshi ɗaya, don haka gara mahalarta su buɗe nasu tun daga gida.

Matsalar da ni kaina na fi gamuwa da ita ita ce ɓacewar bayanan zaman shiga. Duk lokacin da aka buɗe shafin gyara, manhajar tana liƙa masa wata ɓoyayyiyar shaida wadda ke tabbatar da cewa mai asusun ne ya aiko da gyaran, ba wani shafi ne ya yi da sunansa ba. Idan na buɗe shafi da safe, na tafi wata hidima, na dawo da yamma, ko kuma burauza ta share kukis a tsakani, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa don ya gane wanda ya shiga, shaidar ba za ta dace ba. A nan sake danna maɓallin sau ɗaya yakan wadatar, tun da shafin da ya dawo yana ɗauke da sabuwar shaida. Idan ya ci gaba da ƙi, sai a fita daga asusun a sake shiga, a kuma tabbatar burauza tana karɓar kukis.

Cin karon gyara kuwa yana faruwa ne idan wani ya wallafa nasa a kan layukan da kake gyarawa kafin ka gama. Idan wuraren sun bambanta, manhajar takan haɗa su da kanta. Idan ba haka ba, a tsarin da aka saba za ta nuna akwati biyu: na sama yana ɗauke da shafin yadda yake yanzu, na ƙasa kuma naka ne, kuma na sama kaɗai ake adanawa. Na ga mutane sun kwashe na ƙasa gaba ɗaya sun ɗora a sama, suka shafe aikin ɗan'uwansu ba da niyya ba. Abin da ya dace shi ne ka ɗauki sakin layin da ka canza kawai ka saka a gurbinsa. Gyara sashe ɗaya maimakon shafi sukutum yana rage yawan karon.

Sauran dalilan ba su da wahalar ganewa. Gajartaccen mahaɗi irin na bit.ly yana cikin jerin waɗanda aka haramta, sai a maye gurbinsa da cikakken adireshin. Matatar da ke tare ɓarna takan yi gargaɗi ko ta hana, kuma idan ta yi kuskure masu gudanarwa ake sanarwa. Sau biyu a shekara, wajajen Maris da Satumba, ana sauya aiki tsakanin cibiyoyin kwamfutocin Wikimedia da ke Virginia da Texas a Amurka, inda gyara kan tsaya na 'yan mintuna, kuma jira kawai ake yi.

Akwai kuma lokacin da gyaran ya shiga amma shafin yana nuna tsohon rubutu. Kafin a sake wallafawa, a buɗe tarihin shafin. Idan sunanka da lokacin suna saman jerin, aikin ya kammala, tsohon kwafi ne kawai ake nuna maka, kuma ƙara ?action=purge a ƙarshen adireshin shafin yana sabunta shi.

Malamar nan ba ta iya wallafa komai a ranar ba. Mun rubuta takardar neman keɓewar tare kafin a tashi, ta tafi gida da muƙalarta a ajiye cikin wayarta, kuma da izinin ya fito ta liƙa rubutun ta wallafa shi ba tare da ta sake rubuta ko layi ɗaya ba.